Rigar Sanyin Ɗan Gajera

Da sassafe Anti Tela ta leƙa garke ta tarar akuyarta, Gajera, ta haihu. Ɗa guda, baƙi wuluk, jiƙe sharkaf, sai karkarwa yake a kan ciyawa. Ta saki bokitin dusa ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse.

"Inna! Inna, ki fito! Ta haihu!"

Inna, uwar mijinta, tana ɗaki ƙudundune cikin bargo biyu. Ta ce ta ji, Allah ya raya, amma ba abin da zai fito da ita cikin wannan sanyi sai gobara.

Sanyin bana kuwa ba na wasa ba ne. Irinsa ne bara ya kashe wa Gajera 'yan biyu kwana ɗaya da haihuwa, Anti Tela ta sha kuka ta rantse ba za a sake ba. Ta goge ɗan da buhu, ta toshe taga da kwali, ta kwasa a guje sai gaban keken ɗinki. Rigar sanyin maigida ce ta fara zuwa hannunta, wadda kullum yake wa wanka da turare. Ta datse hannu ɗaya ba ta ko yi shawara ba.

To, ita mace ce da ba ta iya aikin jeka-na-yi-ka ba. Shekara ashirin tana ɗinki, ba a taɓa dawo mata da kaya ba. Ta auna ɗan akuya da tef, ta fitar da ƙafa huɗu, ta sa maɓalli uku, har da 'yar jaka ta baya mai kalmasa, don kada iska ta taɓa wutsiya.

Da aka saka masa, karkarwar ta tsaya. Ya miƙe yana tangaɗi, ya nufi nono. Anti Tela har ta fara taka rawa, sai Gajera ta sunsune shi, ta yi atishawa, ta sa kai ta ture shi. Ya sake zuwa, ta sake turewa. A na uku ya faɗi bai tashi da wuri ba, kukansa ya yi ƙasa.

Anti Tela ta durƙusa kusa da shi. Ko ɗigon nonon fari bai sha ba. In ta cire rigar, sanyi ya kashe shi, in ta bari yunwa ta kashe shi.

"Inna, gobarar ta zo! Ta ƙi shi!"

Sai ga Inna tana jan bargo. Ta duba ɗan, ta duba ɗinkin, ta tuntsire da dariya.

"Ke 'yar nan, akuya da ido take gane ɗanta? Gindin wutsiya take sunsuna. Ta kai hanci ta ji mijinki, me za ta ba shi? Miƙo almakashi."

Anti Tela ta kalli 'yar jakar nan, inda ta fi ƙure gwaninta. Ba ta miƙa ba. Da kanta ta kama ta yanke, ƙaras, zare na reto. Inna ta debo ciyawar da aka haihu a kanta ta murje rigar ciki da waje, turare ya mutu murus.

Suka ja baya. Gajera ta kai hanci, ta daɗe tana sunsuna, sannan ta yi wani ɗan gurnani ta fara lasarsa. Ɗan ya cusa kai ƙarƙashinta ya kama. Wutsiyar nan ta leƙo ta yagaggen wurin tana kaɗawa ba ƙaƙƙautawa.

"Ya kama! Inna, wallahi ya kama!"

Ta rungume tsohuwa da bargo da komai, hawaye na zuba, tana dariya. Tunda ta fara taka keke ba ta taɓa sakin aiki mai muni irin wannan ba, amma kafin hantsi sai da ta kira maƙwabta ɗaya bayan ɗaya su zo su gani.