Hannun Eilif Mai Aski

Ni fa ban taɓa son a haɗa ni da Eilif ba, kuma na sha faɗa masa a gaban idonsa. Mutum ne mai surutun tsiya. Shekara talatin yana aski a garinmu, shagonsa ne kaɗai, don haka duk sirrin da ya shiga kunnensa daga kujerar aski sai ka ji shi a cikin tantinmu na atisaye. Amma a rundunar tsaron gida ba kai ke zaɓar abokin tsaronka ba. Saje Torfinn ya ce ni Gunnvor da Eilif, magana ta ƙare, shekara bakwai ke nan muna tare duk lokacin da aka kira mu atisaye. Ni direbar motar 'yan makaranta ce. Shi kansa Sajen malamin lissafi ne. Kwanaki kaɗan ne a shekara muke sa kaki, sauran kowa na kan sana'arsa.

Aikin abokin tsaro a lokacin sanyi guda ɗaya ne. Ka duba fuskar ɗan'uwanka da hannunsa, shi ma ya duba naka, domin mutum ba ya jin lokacin da sanyi ya fara cin namansa. Da ka ga fari a hanci ko kunne ko yatsa, ka kai shi wurin mai magani nan take. Ba shawara, ba lallashi. Ko wanda ya shigo jiya ya san wannan.

Rana ta uku ce muna kan tsauni, kuma ita ce ta ƙarshe. Ma'aunin da ke rataye a bakin tanti ya nuna talatin da ɗaya ƙasa da sifiri. Tun da safe muka ɗaura katakan sulu kan dusar ƙanƙara a ƙafa muka yi kilomita goma sha biyu da kaya a baya, muka dawo sansani wajen ƙarfe sha ɗaya, gumi na daskarewa a gadon bayanmu. Da sha biyu Kanal zai zo ya liƙa wa mutum shida lambar yabo. Eilif na cikinsu, shekararsa ashirin da biyar cif a rundunar, kuma wannan ne sanyinsa na ƙarshe a kaki.

Kwana ukun nan ya ishe mu da zancen lambar. Har gashin bakinsa ya daidaita da almakashi a cikin tanti, yana duba fuskarsa a bayan cokali. Muka yi ta tsokanarsa. Amma ni na san abin da ke ƙasa. Babansa ma ya yi wannan aikin, sai dai tasa lambar ta gidan waya ta iso, cikin ambulan, wata biyu bayan an binne shi. Eilif ne ya sa hannu ya karɓa.

Muna shan kofi a tsaye Saje ya ce masa ya zuba wa babur ɗinmu na tafiya kan dusar ƙanƙara mai. Murfin jarkar ya ƙi buɗuwa da babbar safar hannu, sai ya zare ta, ya bar siririyar ta ulu. Ya murɗa, ya karkata jarkar, fetur ya yi amai a kan hannunsa na dama. Na ji ya saki ashar. To shi fetur ba ya daskarewa, nan muguntarsa take. Yana ruwa amma sanyinsa daidai da na iska, ya jiƙa fata ya bushe nan da nan, ya tafi da duk ɗumin da ke jiki. Eilif ya san haka sarai. Ya yarfe hannun, ya mayar da babbar safar a kan jiƙaƙƙiyar, ya ci gaba da zuba mansa yana fito.

Na bar shi ya gama, sannan na ja shi bayan tanti.

"Nuna min hannu."

Ya miƙo na hagu.

"Ɗayan, tsoho. Ni ka mayar yarinya?"

"Haba, Gunnvor, ke komai sai kin yi masa faɗa. Shi ya sa yaran motarki suke tsoronki."

Na fizge safar duka biyun da kaina. Yatsu uku sun yi ja, wannan ba komai. Amma kan babban yatsa da manuni sun yi fari fat kamar kyandir. Na latsa, da ɗan sauran laushi. Waɗannan biyun ne suke riƙe masa reza da almakashi, da su yake ci, da su ya biya wa 'yarsa makaranta.

"Taho mu je wurin Magnhild," na ce. Magnhild ce mai maganinmu, nas ce a asibitin gari.

Ya riƙe min hannun riga. Ban taɓa ganin Eilif ba wasa a fuska ba sai ranar.

"In ta gani za ta ɗora ni a babur ta saukar da ni kwari, kin san halinta. Sai a aiko min da lambar cikin ambulan. Minti goma ne fa, 'yar'uwa. Kanal ya zo, ya liƙa, mu gaisa, ni da ƙafata zan bi ki. Don Allah, Gunnvor. Tunda muke ban taɓa roƙonki komai ba."

"Kullum sai ka roƙe ni sukari."

"Ban da sukari."

Na yarda. Ni da bakina na ce to. Na karɓe jiƙaƙƙiyar safar, na ba shi tawa ta ajiya, na ce ya tura hannun cikin hammata har a kira mu. Bai ko gama buɗe maɓallin riga ba Saje ya busa usur.

Mu arba'in muka jeru sahu uku a fili, inda ba bishiya ko ɗaya da za ta tare mana iska. Ina gefen Eilif na dama, hannun nan yana kusa da cinyata. Sha biyu ta yi, ba Kanal. Sha biyu da minti goma, Saje ya saurari rediyo ya ce iska ta hana jirgi tashi, Kanal yana tahowa ta ƙasa, mu riƙa buga ƙafa. Na yi wa Eilif raɗa ya sa hannun a riga. Ya yi min nuni da haɓa. Magnhild ce take bin sahu tana leƙa fuskar kowa, kuma duk wanda ta gani da hannu cikin riga sai ta ce ya fito da shi ta gani.

Ta iso kanmu. Ta dubi hancina, ta dubi kunnen Eilif.

"Kun duba juna?"

"Mun duba," na ce.

"Hannu da ƙafa lafiya?"

Eilif yana kallon gabansa, ko numfashi ba ya yi.

"Lafiya lau," na ce.

Ta wuce. Wallahi har yanzu in na tuna muryata a lokacin sai in ji kunyar kaina, don ko rawa ba ta yi ba.

Sha biyu da rabi saura kaɗan muka ji ƙarar mota. Aka ce mu ƙame. Daga nan kuma ba buga ƙafa, ba motsi, hannun dama a kan bindiga, ita kuwa ƙarfe ce da ta kwana uku a waje. Kanal ya sauko, dattijo ne mai fara'a, ya ba da haƙurin jinkiri, ya ce ba zai tsawaita ba. Ya tsawaita. Ya yabi masu barin shago da gona da aji su zo su kwana a ƙanƙara ba don albashi ba, ya faɗi abin da ƙasa take bin mu da abin da muke bin ta. Magana ce mai kyau, da a ɗaki ne da na yi tafi. Ni dai agogon wanda ke gabana nake hange, inda hannun rigarsa ya ɗan zame.

"Motsa yatsun," na faɗa ta gefen baki.

"Ina motsawa."

"Ƙarya kake, ina ganin safar."

"Kwantar da hankalinki. Sun ma daina ciwo, kin ji? Sun warke."

Yatsa ba ya daina ciwo a irin wannan sanyi don ya warke. Na so in ɗaga hannu, na so in ƙwala wa Magnhild kira. Abin da ya riƙe ni ba tausayin Eilif ba ne kawai, gara in faɗi gaskiya. Tsoro ne. In na yi magana yanzu, kowa zai san cewa ɗazu na yi ƙarya, a gaban Saje, a gaban Kanal. Na ce wa raina saura kaɗan, yanzu za a kira shi.

Ashe daga mai ƙarancin shekarun aiki aka fara. Masu goma su uku, masu sha biyar su biyu, kowanne sai an karanta inda ya yi aiki da abin da ya yi. Eilif ne na ƙarshe. Lokacin da aka kira sunansa, minti hamsin da biyu ke nan da na ga farin nan a bayan tanti.

Ya fita da takunsa daidai, ya ƙame, ya sara. Kanal ya liƙa masa lambar a ƙirji, sannan ya zare safarsa ya miƙo hannu. Haka ake yi a wurinmu, ba a gaisawa da safa ko sanyin ya kai ina. Eilif ya gwada cire tasa da hagu, ta ƙi, sai ya sa haƙori ya janye su duka biyun.

Daga inda nake na gani. Farin ya wuce gaɓa ta biyu, ya soma hawa bayan hannu, yatsun sun sandare a lanƙwashe yadda suka riƙe bindiga. Kanal ya kama hannun, na ga murmushinsa ya tsaya. Mataimakinsa bai lura ba, ya miƙo ɗan akwatin lambar. Eilif ya kai hannu, akwatin ya zauna a tafinsa, yatsun ba su rufe ba. Ya zame ya faɗa cikin dusar ƙanƙara.

Ban san lokacin da na bar sahu ba. Na tuna dai ina ihun sunan Magnhild, ina jan Eilif kamar buhu, shi kuma yana cewa, "Akwatin, Gunnvor, akwatin."

A tantin magani an kunna murhu. Magnhild ta dubi hannun sau ɗaya, ta ce a kira motar da za ta sauke shi. Sannan ta juyo kaina.

"Buɗe rigarki. Sa shi a cikinki, kar ki murza."

Na ɗage riguna uku na manna hannun a fatar cikina. Kamar kifin da aka ciro daga firji. Numfashina ya ɗauke, amma na danne shi da hannu biyu.

"Yanzu me muke jira?" Eilif ya tambaya. Muryarsa ta koma ƙarama.

"Ciwo," in ji Magnhild. "In jini ya dawo za ka yi kuka kamar jariri. Ka roƙi Allah ka yi kukan."

Muka zauna. Ana jin Saje a waje yana sallamar mutane. Ban taɓa fatan wani ya sha azaba ba sai ranar, kuma da dukkan zuciyata na yi fatan. Can sai Eilif ya ciji leɓe, ya fara nishi, ya dunƙule hannun hagu yana dukan gwiwa. Hawaye suka zubo masa har cikin gashin baki. Na ji kamar in rungume shi.

"Yauwa, tsoho, yi kukanka! Duk garin sai sun ji wannan labari a bakina."

"Ƙaramin yatsan," ya ce yana haki. "Da na kusa da shi. Wayyo, da na tsakiya."

"Saura?" in ji Magnhild.

Ya saurari hannunsa. Ya ɗago ya dube ni.

"Gunnvor, waɗancan biyun ba sa min ciwo."

"Za su yi," na ce. "Ka ba su lokaci."

Magnhild ta ɗauko takarda da fensir. Ta tambaya ƙarfe nawa abin ya faru, kuma wa ya gani. Na buɗe baki, Eilif ya riga ni. Ya ce fetur ne ya zubo masa kafin fareti, ya ɓoye wa kowa, da na zo dubawa hannun hagu ya nuna min. Magnhild ta kalle ni na ɗan lokaci, sannan ta rubuta abin da ya faɗa. Na bar ƙaryar ta shiga takarda.

Likitoci sun jira har watan Afrilu ko naman zai farfaɗo, sannan suka yanke manunin daga tushe, babban yatsan kuma daga gaɓa. Ya gwada aski da hagu na sati biyu, ya ji wa wani dattijo ciwo a kunne, ya rufe shagon. Yanzu mazan garinmu sai sun yi tafiyar awa ɗaya a mota kafin a rage musu suma.

Kullum da safe nakan wuce ta ƙofar gidansa da motar yara, yakan ɗaga min hannun daga taga. Bai taɓa yi min ko kallon banza ba. Duk wanda ya tambaye shi, cewa yake laifinsa ne shi kaɗai, Gunnvor ba ta gani ba. Ya faɗa har ina jin shi kansa ya yarda. Ni kuwa na gani, na latsa da yatsana, kuma a lokacin da sauran laushi.