'Yan Aji Huɗu Sai Alhamis

Takardar makarantar ta kwana tara a aljihun rigar aikina, har garin katako ya shiga ninkinta. A taron iyaye aka raba mana ita. Bana sun zo da sabon tsari: ba za a koma rana ɗaya ba. Sababbin shiga ranar Litinin, don su san aji da makewayi kafin manya su cika wurin. Aji biyu da uku Talata. Aji huɗu zuwa sama sai Alhamis. A ƙasa kuma an rubuta doka da manyan baƙaƙe: idan zango ya fara, ba a ɗauke yaro a yi tafiya da shi. Mai uzuri ya rubuto mako biyu kafin ranar, shugaban makaranta kaɗai ke amincewa, kuma yawon buɗe ido ba uzuri ba ne. Duk ranar da aka yi fashi ba izini za a rubuta a takardun yaro, a kira uba.

Ni mutum ne mai tsoron takarda. Karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka a taron na ɗaga hannu na tambayi malamar ajin 'yata, aji huɗu yaushe? Ta ce Alhamis. Da aka tashi na sake tare ta a ƙofa na tambaya, don kada in yi kuskure. Ta yi dariya ta ce, "Alhamis dai, Malam Kafinta, ba ta canja ba."

'Yata ta fari, Mamana nake ce mata. Shekarunta goma sha biyar. Tana ƙarama a shagona take wuni, tana tara mini ƙusoshin da suka lanƙwashe a gwangwani, tana cewa idan ta girma ita za ta riƙe zarto. Yanzu kuwa bakinta ba ya rabo da "Baffa ya ce".

Baffan nan ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa Injiniya yake ce masa. Ni na goya shi, ni na cire masa ƙaya a ƙafa, amma shi ya san lissafin da ake koya wa Mamana, ni ban sani ba. Duk Asabar yana zuwa su zauna a teburin da na ƙera da hannuna, kai da kai, suna dariya a kan abin da ban gane ba. Bara da ta zo ta ɗaya, shugaban makaranta ya tsallake ni ya kama hannun Injiniya yana cewa, "Barka da arziki, baban yarinya." Injiniya ya gyara masa, ban ce bai gyara ba. Amma sai da ya bari aka gama girgiza hannun.

Ranar Laraba da la'asar ya shigo shago, yana ɗaga ƙafar wando kada ƙura ta taɓa shi. Mamana na biye da shi, ta kawo mini abinci.

"Yaya, aiki zai kai ni bakin teku. Asabar za mu tafi da iyali, Laraba mu dawo. Ka ba ni aron Mamana. Yarinya tana zana teku a littafi ba ta taɓa ganinsa ba."

Na dubi fuskarta. Rabon da ta dube ni da irin wannan ido har na manta. Ni ma ban taɓa ganin teku ba. A raina na hango su tsaye a bakin ruwa, yana nuna mata da yatsa yana bayani, ita kuma ta dawo ta shekara tana ba ni labarin abin da Baffa ya ce.

"Litinin za su koma," na ce.

"Litinin? Na ɗauka da sauran kwanaki."

Na zaro takardar, na ninke ta yadda rabin ƙasa kaɗai ke waje, na karanta musu dokar a hankali, kalma kalma. Ban taɓa karatu da daɗin baki irin na ranar ba.

"To a rubuta wa shugaban mana," in ji Injiniya. "Ni zan rubuta, kai ka sa hannu."

"Mako biyu suka ce. Kuma ka ji, yawo ba uzuri ba ne. Kana so a ɓata mata takardu a kan wanka a ruwan gishiri?"

Ya ɗaga hannu. "A'a, Yaya, ba ni na faɗa ba. Karatu gaba yake da komai." Ya juya wurinta. "Likita, sai wani hutun." Shi Likita yake ce mata.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ba komai, Baba, gaskiyarka ce." Ta ɗauki kwanon jiya ta fita. Wannan "gaskiyarka ce" ta fi zagi ciwo, amma na ci abincina tas.

Na yi zaton wata ƙawa za ta tona ni kafin Litinin. Sai dai babbar ƙawarta tana wurin kakanninta, Mamana kuwa ba ta da waya, ni na hana. Uwarta ma ba ta nemi ganin takardar ba, don harkar makaranta a gidanmu tawa ce. Ranar Lahadi na zauna ina kallon Mamana tana goge kayan makaranta, tana wanke farin takalminta da tsohon buroshi. Sau uku na buɗe baki. Uwarta ta ce, "Maigida, lafiya kake ta haɗiyar yawu kamar mai ciwon wuya?" Na ce ƙurar katako ce.

Dabarar da na tsara ita ce in kai ta da kaina, idan aka ce ba yau ba ne in riƙe baki in ce ashe haka ne, takardun nan nasu sai su. Wa zai zargi kafinta da rashin gane takarda?

Ranar Litinin na ɗauke ta a bayan babur. Tun daga kwanar titi ta fara waige-waige. Bakin ƙofar cike yake da ƙananan yara cikin riguna masu yi musu yawa, jakunkuna sun fi bayansu faɗi, iyaye na gyara musu wuyan riga. Ita kaɗai ce doguwa a cikinsu. Malamar ajinsu ce ke tsaye da jerin sunaye tana nuna wa sababbi hanya.

"Ke kuma fa? Kin yi kewarmu ne haka? Aji huɗu sai Alhamis."

Na riƙe baki kamar yadda na shirya. "Ashe? Kai, takardun nan..."

"Haba Malam Kafinta!" Ta kwashe da dariya. "Kai da ka tambaye ni har sau biyu? A zaure ka tambaya, ka kuma tare ni a ƙofa. Har na ce wa abokan aikina, in kowa ya manta, ban da baban nan." Ta dafa kafaɗar Mamana. "Je ki huta kwana uku, ki more. Babanki ya fi mu son karatunki."

Wani yaro ya fashe da kuka, malamar ta juya wurinsa. Mamana ta hau babur ba tare da na ce ta hau ba. Da zuwa ta riƙe rigata. Da komowa ƙarfen baya ta riƙe.

Uwarta ta tafi aiki da makullin gida, sai na wuce da ita shago. Ta share kan wani benci da gefen hannu ta zauna, jaka a cinya. Na ɗauki katako na auna, na sake aunawa, na yanke shi ba daidai ba.

"Baba, Laraba za su dawo ko?"

"Laraba."

"Mu kuma Alhamis."

Na ce, "Hanyar da nisa. Ga ruwa, ke ba ki iya iyo ba. In mota ta lalace ku kwana a hanya fa, a rubuta miki fashi?"

"Da ka faɗi haka ranar, ai da na haƙura."

Na koma kan katakon da na ɓata ina goge shi, kamar gogewa za ta mayar masa da tsawonsa.

Wajen sha ɗaya wayata ta yi ƙara. Injiniya ne, kiran da ake ganin fuska. Bayansa ruwa ne shuɗi har inda ido ya tsaya, iska na kaɗa masa riga, 'ya'yansa na ihu.

"Yaya, na kira in nuna maka abin da ka ƙi... a'a, wa nake gani a baya? Likita? Ba kya makaranta?"

Ta taso ta karɓi wayar daga hannuna. Na tsaya riƙe da guduma ina jira.

"An dawo da mu, Baffa. Ashe sun canja ranar, sai Alhamis. Baba ma sai a ƙofa ya ji."

"Kash! Makarantun nan! Yi haƙuri, Likita. To tsaya ki gani."

Ya juya wayar. Ta fita da ita bakin shago inda ya fi haske, ta ba ni baya. Na ji yana gaya mata dalilin da ya sa ruwan ke janyewa da safe ya dawo da yamma, tana tambaya, yana amsawa. Wani abu ya faɗa ta yi dariya har da sunkuyawa. Sun fi minti ashirin. Sau ɗaya na matsa don in leƙa tekun ta saman kafaɗarta, sai ta ɗan karkata, ban ga komai ba sai bayan wayar.

Da suka gama ta ajiye ta a kan teburin aiki, ba a hannuna ba.

"Zan je wurin Umma in karɓi makulli."

"Bari in kai ki."

"Zan taka, Baba."

Ta rataya jakarta ta tsallaka titi, ta bi ta gaban mai faci da shagon aski. Na tsaya a ƙofa har ta sha kwana, ba ta waiwayo ba.