Yadda Na Riƙe Giwan Ruwa

Shekara hamsin ina su a dam ɗin da ke bayan ƙauyenmu, yamma da Bici. Ba wanda ya koya mini riƙon kifi sai ubana.

Manyan giwan ruwa sun ƙare. Raga mai ƙananan idanu ta kwashe su tun suna 'ya'ya. Saura ɗaya, mace, tsawonta ya kai ƙirjina. Tana kwana ƙarƙashin wani dutse, tana cin karfasa. Na san wurin, ban taɓa jefa mata ƙugiya ba.

Muntaka, autana, ya so tafiya Ungogo tuƙin adaidaita. Wannan macen giwan ruwan ce ta tsayar da shi. Ya samo mutanen birni masu fatsa don nishaɗi: su kama, su ɗauki hoto, su saki. Saboda ita suke zuwa, shi ke kai su a kwalekwale. In tana raye, yana gida.

Ranar wata Asabar na bi su. Wani injiniya, Abdulrauf, ya kama ta bayan doguwar kokawa. Ya kasa ɗaga ta.

Na ce, "Matsa. Ko akuya ba ka taɓa ɗauka ba."

Muntaka ya ce, "Baba, ta ƙarƙashin ciki ake tallafe ta. Kar ka taɓa kunnen."

"Kai za ka koya mini? Ina cikin ruwan nan aka yi maka kaciya."

Suka yi dariya. Na zura hannu ta kunnenta har wuyan hannu, yadda muke ɗaga kifin da za a kai kasuwa. Na ɗaga ta sama ni kaɗai. Aka yi ta hoto. Na ji daɗi.

Jan naman da ke cikin kunnen, da shi kifi yake numfashi. Na san haka. Ban dai taɓa riƙe kifin da zai koma ruwa ba. Da muka sake ta, jini ya biyo ta.

Washegari da hantsi Muntaka ya tsince ta a bakin ciyawa, ciki sama. Larai, uwarsa, ta farke cikinta. Ƙwai fal, ya cika kwano biyu. Ba wanda ya ci a gidan.

Ranar Talata Muntaka ya jingine sandunan fatsa a zaure, ya durƙusa.

"Baba, na tafi."

Na ce, "Allah ya tsare."

Injiniyan ya aiko da hoton. Larai ta kife shi a ƙarƙashin akwati.