Ranar da Nives Ta Daina Mita

Matata Nives ta rasu ranar wata Talata, a kan matakalar dutse da ke hawa daga bakin teku zuwa cocin San Rocco.

Ita ta nace mu yi yawon. A Genova aka haife mu, teku na bakin tagarmu, amma ta ce sai ta shiga jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido, ta ga ƙauyukan gaɓa yadda Jamusawa ke ganinsu. Na ce mata duk abin da aka rubuta a kan ƙauyukan nan na karanta, kuma babu marubuci ɗaya da ya taɓa kwana a cikinsu lokacin sanyi.

"To, Farfesa," in ji ta, "ka zo da littafin ka rufe ido da shi. Ni zan kalla."

Ni ba farfesa ba ne. Malamin sakandare ne ni, na yi ritaya. Ta san sunan yana ƙona mini rai, shi ya sa take faɗa.

Mu mutanen Genova mita ce gaisuwarmu. Wanda ya ce maka komai lafiya lau, ko baƙo ne ko yana ɓoye wani abu. Nives kuwa ta fi kowa iyawa: gwiwarta, hulata, shayin maƙwabciya. Tun aurenmu ban taɓa ganin ta ci burodi ba tare da ta ce na bara ya fi shi ba.

A ƙauyen Camogli na nuna mata gidajen. "Dubi mutanenki. Sun zana taga da fenti don kada su huda bango."

"Sun yi kyau," ta ce.

Muka sayi burodi mai man zaitun. Na ce gishiri ya yi yawa. Ta gutsira kaɗan, ta ce da daɗi, ta naɗe sauran. A jirgi wani baƙo ya taka mata ƙafa, ta yi masa murmushi. Duk na gani. Har na ji daɗi a raina, wai na yi nasara, yau ni kaɗai ke magana.

Da jirgin ya ajiye mu a gindin dutsen, ta ɗaga kai ta dubi matakalar, ta daɗe.

"Gwiwar fa, tsohuwa?"

"Ƙalau nake, Egidio."

Kalmar da ya kamata ta sa in kira likita ke nan. Sai na ce, "Yau kuma!" na wuce gaba.

Mun kai tsakiya ta tsaya, ta dafa bango, tana numfashi da baki. Ƙasa da mu ruwan ya yi shuɗi har ana hango duwatsun cikinsa.

"Kai, tsohon nan, juyo ka duba. Sau ɗaya dai ka faɗi abin kirki."

"Bari mu kai sama," na ce. "Ba na yabo da haki."

Na ci gaba da hawa, ina gyara jimlar yabon a kaina, ina cire wannan kalma ina sa waccan, kamar mai duba jarrabawa. Da na gamsu da ita na waiwaya. Tana zaune a kan matakala, kanta jingine da bango, wata Bajamushiya na riƙe da hannunta tana ihu.

Jimlar ba ta ma da tsawo. Kin fi ni gaskiya, Nives, da ma tun tuni muka zo.