Kuɗin Muryar Mista Hargrove

Ni motar 'yan makaranta nake ja, kuma duk garinmu na gabashin Texas an san ni, Darlene Pruitt, ba na iya haɗiye magana. Da aka kira ni aikin juri, wato in shiga cikin mutum goma sha biyun da ake ɗebowa daga gari su saurari ƙara su yanke hukunci, mijina cewa ya yi, "Allah ya ba alƙalin nan haƙuri." Ashe ni ce zan buƙaci haƙurin.

Mai ƙarar wani dattijo ne, Delbert Hargrove, tsohon ma'aikacin gidan waya. An yi masa aikin maƙoƙo, likita ya datse masa jijiyar murya. Ya yi ta komawa yana nuna wuyansa, likitan yana cewa ya sha shayi da zuma, har lokacin gyara ya wuce. Mutumin da muryarsa ke girgiza tagogin coci ranar Lahadi, yanzu in ya buɗe baki iska kawai ke fita.

Abin bai tsaya nan ba. Matarsa Maxine tana da ciwon mantuwa. Ta manta 'ya'yanta, ta manta fuskar mijinta, muryarsa kaɗai ta riƙe. 'Yarsu Rhonda ta shaida mana cewa da can kullum safiya yana yi mata waƙa daga kicin, sai ta ce, "Del, kai ne?" ta zauna ta ci abinci. Tun da aka yi aikin, ihu take yi wai ƙato ya shigo mata gida, ta kulle kanta a banɗaki. In ba a samu mai kula da ita dare da rana ba, gidan tsofaffi za a kai ta. Shi kuwa ya yi mata alkawari tun tana cikin hankalinta cewa a gidanta za ta mutu.

Lauyan likita ya miƙe yana gyara kwat. Wai mutumin nan ya yi ritaya, bai rasa albashi ko na sisi ba, fansho na shigowa, yana tafiya da ƙafarsa, yana tuƙa motarsa. Wai ciwon Maxine ba likitansu ya sa mata ba. Wallahi saura kaɗan in cire takalmi in jefe shi.

Kafin mu shiga ɗakin shawara, alƙali ya karanta mana umarni cikin muryar mai jin barci. Wata jimla ta tsaya mini a wuya: kada mu yi tunani, kada mu tattauna, kada mu yi hasashen ko doka ta sa wata iyaka.

Muna zama na ce, "Iyakar me yake nufi?"

Cletus Boone, mai sayar da abincin shanu, wanda muka naɗa shugaba, ya ce, "Darlene, kunnenki ƙalau kuwa? An ce kada a tattauna, ke kin fara tun ba a kawo kofi ba."

Na bar zancen. Mu mutane ne masu bin doka, in alƙali ya ce kada ka duba can, ba ka dubawa.

Laifin likita bai ɗauke mu lokaci ba. Diyyar raɗaɗi da baƙin ciki ce ta tayar da jijiyar wuya, don ita kaɗai ce abin da za a iya ba shi. Cletus ya ce, "Murya fa ba tarakta ba ce, balle in ce ga kuɗinta a kasuwa."

Yolanda Tibbs, mai karɓar kuɗi a kantin magani, ta juyo ta dube shi. "Cletus, in matarka ta tashi gobe ba ta san ka ba, nawa za ka karɓa?"

"Ni? Ni zan biya ma!"

Muka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, amma tasa ta mutu da wuri. Ya daɗe yana murza hularsa. Can ya ce, "Nawa ake biyan mai kula da mutum a gida? Ku lissafa har ƙarshen ranta." Da hannunsa ya rubuta dala miliyan huɗu.

Da aka karanta hukuncin, Mista Hargrove bai yi murmushi ba, lauyansa ma tebur yake kallo. Na ɗauka dattako ne. Alƙali ya gode mana, ya ce mu ne ginshiƙin ƙasar nan. Na koma gida kaina ya yi girma, har gasasshen nama na saya wa mijina.

Bayan 'yan watanni na je cin soyayyen kifi da wata coci ta shirya, sai na hango su a inuwa: Maxine a kujera, Mista Hargrove tsaye a bayanta nesa kaɗan, Rhonda tana ɓare mata ƙaya. Na ajiye faranti na tafi da saurina.

"Mista Hargrove! Ni ce ta kujerar gaba, mai jar riga. Ya gida? An samu mai kula da ita?"

Ya cire hula, ya kama hannuna da hannu biyu. Rhonda ce ta amsa.

"Misis Pruitt, ba wanda ya gaya muku ko?"

"Gaya mana me?"

"Bayan an sallame ku alƙali ya mai da kuɗin dala dubu ɗari biyu da hamsin. Iyakar doka ke nan a kan raɗaɗi, kome likita ya yanke maka. Lauya ya ɗauki kasonsa, likitocin da suka ba da shaida suka ɗauki nasu. Abin da ya rage mun biya mai kula da ita, ya kusa ƙarewa."

"Amma ai mun yanke! Mun sa hannu!"

"Kowa a kotun nan ya sani. Alƙali ya sani, lauyoyi sun sani, mu ma mun sani. Ku kaɗai ne ba a yarda ku sani ba."

Kai, jama'a! Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Aka zaunar da manyan mutane, aka rantsar da mu, aka bar Cletus ya murje hularsa, alhali adadin yana aljihun alƙali tun kafin mu zauna. Da ma'aikacin banki ne, da an lissafa masa albashin da ya rasa har kwabon ƙarshe, babu wata iyaka. Da yake matarsa kawai ya rasa, sai aka yi masa farashin gwanjo. Na tsaya ina huci, ga ni da baki, amma ban san wa zan zaga ba.

Rhonda ta rage murya. "Ranar Litinin za mu kai ta gidan tsofaffi."

Sai na ji an riƙo mini hannun riga. Maxine ce, ta jawo ni kusa tana satar kallon bayanta.

"Yarinya, mutumin nan bina yake yi. In kin ga mijina, ki ce ya zo ya kai ni gida."

Mista Hargrove ya matso, ya sunkuya daidai kunnenta, ya ja numfashi irin na mawaƙa, ya buɗe baki. Ina ganin jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Maxine ta janye kujerarta.