Hoton da Bai Iso Ba

Ni Hansai, duk unguwarmu ta Birkitiri babu gidan da aka yi mutuwa ban je na zauna ba. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma tambaye ni wa ya zo gaisuwar mijina, wa ya aiko, wa ya wuce ta ƙofa ya kau da kai, in faɗa miki har zanen da ta ɗaura. Gaisuwa bashi ce. Na biya tawa, daga nan har unguwar Madagaskar, har Etudi wajen mahauta. Ban taɓa kawowa ranar karɓa za ta zo in rasa yadda zan karɓa ba.

Tahiru shi ne babban ɗana, dillalin shanu ne a Etudi. Bamenda yake zuwa wajen Fulani, ya ɗauki hoton bijimi, ya turo wa mahauta ta watsap, su gani su ce a kawo. Ni kuma ya koya min inda zan danna in yi magana. Kullum da safe sai muryarsa ta shigo: "Inna, kin sha maganin ƙafar, ko yau ma kaji kika ba?"

Sai aka shiga rikicin Anglofon, masu Turancin Ingilishi na wajen Bamenda, gwamnati ta yanke rezo, wato intanet, a can gaba ɗaya. Gali, ƙaninsa, ya yi min bayani.

"Kira yana shiga, Inna. Abin da ke ɗaukar hoto da murya ne suka rufe."

Na ce, "To su da lauyoyi da malaman makaranta suke faɗa, shanu me suka yi musu?"

Mahauci ba ya sayen abin da bai gani ba. Dole Tahiru ya koma zirga-zirga da ƙafarsa, yau yana nan, jibi yana can. A wata tafiyar wayarsa ta daina shiga. Muka kira, muka kira, wata mata tana ta yi mana Faransanci.

Ana nan sai Malam Sali ya kira ni. Shi a da maƙwabcinmu ne a nan, daga baya ya koma unguwar Hausawan Bamenda, shi ke musu wankan gawa. Ya yi ta jan gaisuwa har na ce, "Sali, ajiye abin da ka ɗauko."

Ya ce an tsinci wani mutum a gefen hanya, ƙasa da kasuwar shanu, ya kwana biyu a wurin. Babu kartin shaida a jikinsa, babu waya, sai carbi a aljihu da tabon salla a goshi, shi ya sa aka kawo musu. Sun yi masa sutura sun binne. Amma kafin a rufe fuskar ya ɗauki hoto, ko Allah zai kawo dangi.

"Hajiya, rabona da Tahiru tun yana saurayi. Yana kama, kuma ba ya kama."

"Yana da wushirya?"

"Bakin a kumbure yake, ban buɗe ba."

"Babban yatsansa na ƙafar hagu, saniya ta taɓa takawa, farcen bai sake fitowa daidai ba."

"Ban lura da ƙafa ba, Hajiya. Dogo ne dai, baƙi, da ɗan gemu."

"Rabin Etudi ka faɗa min. Turo hoton. Ko kunne kaɗai na gani zan sani, ni na haife shi."

"Da me zan turo?"

Hoton yana nan a tafin hannunsa, ina jin numfashinsa a kunnena, amma babu hanyar da zai bi ya zo.

Zuhura, matar Tahiru, tana tsaye a bakin ƙofa ta ji komai. Ba ta yi kuka ba. Hannu ta kai kunnenta ta ce, "Inna, in cire 'yan kunnen, ko in bari?"

Kin san in ta cire ta shiga takaba ke nan, mun binne shi da bakinmu. Na ce, "Bari."

Kafin la'asar magana ta zaga unguwa. Larai, ƙawata ta bayan masallaci, ta shigo da mayafi har ƙasa, ta durƙusa, ta buɗe baki: "Ya ha..."

Na ce, "Haɗiye shi. Wa ya ce miki an mutu?"

"To me zan ce miki, Hansai?"

"Ki ce ya zafi."

Ta ce ya zafi, alhali ruwa ake yi. Ta zauna kaɗan ta tafi. Haka suka yi ta zuwa, su tsaya a zaure, su rasa gaisuwar da za su yi, su juya. Ni kuwa na riga na sa an ɗauko tabarmin zaman makoki daga gidan ƙanwata, na naɗe su a bayan ƙofa, ban bari kowa ya gani ba.

A kwanakin nan ne wani mesaj ya yi ta shigowa wayar kowa. Zuhura ta karanta min, ta juya da Hausa: duk wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba, gidan yari. Mata suka yi ta fita daga gurup ɗin unguwa, har na sanarwar suna da biki. Wanda zai turo miki wa'azi ma sai ya yi tunani.

Gali ya ce zai hau mota ya je ya gani da idonsa. Na ce ba inda za shi. Hanyar da ban san abin da ta yi da ɗaya ba, ba zan miƙa mata na biyu ba. Na ce ni zan je. Ya kalli ƙafafuna, ni ma na kalle su. Ko kasuwar Mokolo ba na kaiwa sai an riƙe ni.

Shi ne ya ce ai mutanen can suna shiga mota su fita daga yankin, wajen Mbouda, inda rezo ke kamawa. Su zauna a bakin titi su tura abin da za su tura, su koma gida.

Na kira Malam Sali na faɗa masa.

"Hajiya, ana duba wayoyi a kontrol, shingen jandarmomin nan na kan hanya. Hoton gawa ne fa. In suka ce ina na samu, wa ya kashe shi, wa zan tura wa, me zan ce?"

Sai na ɗauko abin da na daɗe da ajiyewa.

"Sali, ranar da matarka ta rasu a kan gwiwa, 'yarka Madina nonon wa ta sha?"

"Naki."

"Ita a dama, Gali a hagu, har ta yi ƙafa. Na taɓa tambayarka ko goro?"

"Ba ki taɓa ba."

"Yau na tambaya."

Ya ce to. Litinin ba a fita a garinsu saboda rikicin, ranar Laraba zai je.

Laraba tun hantsi muka zauna a tsakar gida. Na kifa turmi, aka ɗora wayar Zuhura a kai, nan ne rezo ya fi kamawa. Ba a ɗora tukunya ba. Gali ya ƙi zuwa shago. Duk abin da ya yi ƙara sai mu zabura, ashe tallan kiredin waya ne.

Bayan azahar wayata ta yi ƙara. Kira ne, ba hoto ba.

"Hajiya, na iso. Rezo ya cika, saƙonni sai zubowa suke yi, har barka da Juma'a ta watan jiya."

"To turo."

Ina jin motoci suna wucewa ta bayansa.

"An sauke mu a kontrol. Wani yaro da ke gabana, suka ga wani abu a wayarsa, suka zaunar da shi a ƙasa, suka cire masa takalmi. Hajiya, hannuna ne ya yi kafin kaina. Na goge."

"Ka goge."

"Da layi ya zo kaina, jandarman ya kalli gemuna ya ce, wuce Baba. Ko wayar bai tambaya ba."

Tsoho yana kuka a bakin titi, ni ce kuma na aike shi. Da na bar hoton a ɗakinsa, da yana nan har ranar da za su buɗe abinsu. Na ce, "Ka duba ko ya faɗa wani wuri." Gali ya karɓi wayar, ya yi ta gaya masa inda zai danna. Babu.

Can sai wayar Zuhura ta motsa a kan turmi. Hoto ne. Abin nan ya yi ta juyawa, yana juyawa, sannan ya buɗe. Kabarin ne, shi bai goge ba. Jar ƙasa, da reshe an kafa a wajen kai. Na kawo shi kusa da idona, na nisanta. Tsawonsa zai yi Tahiru. Zai kuma yi kowa.

Bayan wata uku suka maido da rezo, aka ce har godiya wasu suka yi a rediyo. Saƙonnin da Zuhura ta tura wa mijinta har yau alama ɗaya ce a jikinsu, ba su zama biyu ba, balle a ce sun isa. Liman ya ce matar wanda ya ɓata shekaru take jira. 'Yan kunnen suna kunnenta, ɗaya ya fara cin fatar, ta ƙi cirewa ko don ta sa magani.

Malam Sali bai sake kirana ba. Ya hau mota, ya je, ya dawo. Ban san ko ya biya ba, ban san ko ni ce yanzu yake bi ba. Wanda ya rufe rezon kuwa ban san ƙofar gidansa ba, balle in je in tsaya.

Da mijin Larai ya rasu na je, Gali ya riƙe ni har zaure. Na zauna a tabarmarta na ce, "Ya haƙuri?" Ta ce, "Da godiya." Ta kalle ni, bakinta ya motsa zai maido min, sai ta tuna. Ta ce, "Ya ƙafa?"

Ƙanwata ta aiko a ba ta tabarminta, za ta yi suna. Na ce a gaya mata ta ara a wani gidan.