Ƙwarya Uku Kafin Jarrabawa

A duk elementaren Rabah babu mai kan lissafi kamar Mode ɗan Maikujera, kuma babu matsoraci irinsa. Da an miƙa masa takarda sai ya yi ta zuba amsa kamar ana korarsa, ya rubuta tara inda yake nufin shida. Malam Abdulƙadiri ya yi faɗa har ya gaji. Ana gobe jarrabawar shiga makarantar Midil ta Sakkwato, wadda yaro ɗaya za a ɗauka daga wajensu, Malam ya ja masa kunne: ya karanta kowace tambaya sau biyu, kada ya tashi sai ya juya bayan takarda.

Da safe kakarsa Inno ta kawo rubutun sha na maganin faɗuwar gaba, ƙwarya cike. Ya shanye. Kawunsa Yari ya iso da nasa. Wa ya isa ya sha na kaka ya ƙi na kawu? Maƙwabciya ma ta aiko, ya ɗaga kai ya shanye. Inno ta ɗauko ta huɗu, Allah ya taimake shi aka buga ƙararrawa.

A ɗakin jarrabawa, Baturen makaranta ya sa tafinta ya faɗa wa yara cewa wanda ya fita ya fita ke nan. Mode bai kai tambaya ta uku ba mararsa ta cika tam. Tsoron Bature kuwa ya bi iska, don yanzu yana da abin da ya fi Bature. Ya harɗe ƙafa, ya karanta komai sau biyu yana gumi. Ya gama, har ya yunƙura zai ruga, sai ya tuna da Malam. Ya juya takarda, ga tambayoyi reras a baya. Ya ji kamar ya yi kuka. Ya dubi ƙofa, ya koma ya zauna.

Ana karɓe takardu ya fita a guje ko takalmi babu, sai bayan dangar kara.

Da sakamako ya zo, Mode aka ɗauka, shi ne na biyu a gundumomin gabas. Inno ba ta ko yi guɗa ba.

"Na biyu? Mi nac ce maka?" in ji ta. "Da ka tsaya ka sha ƙwaryag ga ta huɗu, da kai na na ɗaya."